Ƙanƙarar da Ke Ɓata a Gidan Gwaggo

Tun da auren Sa'adiya ya mutu, ta baro gidan mijinta ta dawo Badarawa wajen gwaggonta, har ta gama idda ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dariya ba. Kunnenta na hagu ya rage ji tun marin ƙarshe da ya yi mata. Aikinta kawai ta ɗura zoɓo a robobi, ta jera a firiza, ta nemi wuri ta zauna.

Gwaggo Nafisat ce mai gidan, tana sayar da zoɓo da ƙanƙara. Firizar tana baranda, daf da ɗakin 'yan haya, Maliki ma'aikacin ofis da matarsa Aziza.

"Yau ma an ɗauki ƙulli guda," in ji Gwaggo wata safiya. "Ba a taɓa zoɓo, ba a taɓa nama, sai ƙanƙara. Ni Sharhabil mai gyaran nan nake zargi. Wace irin firiza ce kullum ana zuwa duba ta?"

Sa'adiya ba ta damu da ƙanƙarar ba. Rashin abin yi ne ya sa ta fara lura. Sharhabil da la'asar yake zuwa daga shagonsa na Kawo, ƙanƙara kuwa da safe take ɓata, kuma ba kullum ba. A hankali ta gane cewa duk safiyar da aka rasa ta, to da yammacin jiya an ƙure rediyo a ɗakin 'yan haya. Ta san abin da ake rufewa da ƙarar rediyo. Nata mijin talabijin yake ƙurewa.

Da aka sake ƙure rediyon, washegari ta jira Maliki ya tafi aiki. Ta ɗauko ƙanƙara da kanta, ta naɗe a tawul, ta yi sallama. Aziza ta buɗe ƙofa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ga shi," in ji Sa'adiya. "Ki riƙa naɗewa a tsumma, kar ki ɗora ta haka nan."

Aziza ta daɗe tana kallon tawul ɗin. "Murfin kabad ne ya buge ni, Anti."

"Ni famfon banɗaki nake cewa."

Aziza ta zauna a bakin gado, mayafin ya zame. Idon dama ya kumbura har ya rufe. Sa'adiya ta duba, ta jira ta ji wani abu a ranta, ba ta ji ba. Ta dai zauna kusa da ita ta riƙe mata ƙanƙarar.

"In na roƙa, Hajiya za ta tambaye ni ta mece ce," in ji Aziza. "Shi ya sa nake ɗauka a ɓoye."

"Kina da wanda za ki kira?"

"Yaya Ɗayyabu, a Rigasa. Haƙuri zai ce in yi."

"Wataƙila. Bari ya ga fuskar tukuna."

Ɗayyabu ya iso kafin azahar. Ya kalli ƙanwarsa, bai ambaci haƙuri ba. Ya ce ta ɗauko kayan sawarta, asibiti za su fara zuwa. Da Maliki ya dawo ya ce ai maganar cikin gida ce. Gwaggo ta ce gidan nata ne, ya nemi wani gidan hayar.

Da Sharhabil ya zo, Gwaggo ta nemi afuwarsa kan zargin da bai ma san an yi masa ba. Ya sosa ƙeya.

"Hajiya, ni ma da nawa laifin. Firizar nan lafiyarta ƙalau." Ya saci kallon Sa'adiya.

Gwaggo ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta shige ciki.

"Malam Sharhabil," in ji Sa'adiya, "ni yanzu ba na jin komai. Ba ƙinka nake yi ba. Ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa."

"Ban zo da gaggawa ba. In zo ranar Asabar mu gaisa?"

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa zai tafi.

"Ka zo bayan la'asar," ta ce. "Da safe ina da aiki."