Farar Rigar Iyo ta Noela

Desley ta kai saman matakalar gidan Noela ke nan, da kwanon mangwaro a hannu, sai ta ji tari daga cikin ɗaki. Tarin mace ne, busasshe, irin mai kankare maƙogwaro.

Ta tsaya cak, ta waiwaya ta dubi teku.

Noela na can cikin ruwa. Daga barandar ana hango ta sarai a tsallaken titi, fara fat tun daga kai har ƙafa, da faffaɗar malafarta, ruwa ya kai mata ƙugu. Da idonta Desley ta ga fitarta ɗazu, har ta ɗaga mata hannu ta kan shinge, ita ma ta ɗaga. Shi ya sa ta ce bari ta miƙa wa Clarrie, mijin Noela, mangwaron nan kafin jemagu su gama da shi.

"Clarrie?" ta kira. "Kana ciki?"

Shiru, sai kukan gyare. Duk labulen gidan a sake suke, in ban da na tagar da take tsaye a gabanta, wanda aka ɗan janye kamar faɗin tafin hannu. Ciki duhu ne. Daga cikin duhun nan murya ta fito a hankali, kamar ta mai magana cikin barci.

"Kauce mana. Kin tare min."

Muryar Noela ce. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka, ko cikin kasuwa ta ji ta sai ta gane ta.

Ba ta san sa'ad da ta dire kwanon ba. Ta sauko tana dafa katakon matakala.

Mijinta Merv na zaune a inuwar ƙarƙashin gidansu, tsakanin dogayen ginshiƙan da gidan ke tsaye a kai, yana warware zaren kamun kifi.

"Ke kuma lafiya? Kamar wadda ta taka maciji."

"Noela ce ta yi min magana."

"To sai me? Yaushe ta taɓa yin shiru?"

"Daga cikin ɗaki, Merv. Alhali ga ta can a ruwa."

Ya miƙa wuya ya leƙa, ya ga farar siffar tsaye inda take, ya koma kan zarensa. "Rediyo ne. Ko ƙanwarta ce ta zo daga garin Mackay."

"Ƙanwarta ta rasu bara. Kai ka tuƙa mu muka je jana'izar."

"To rediyo ne. Na sha gaya miki ki riƙa sa hula, ga shi rana ta fara dafa miki ƙwaƙwalwa."

"Ji mai magana. Mai kunne ɗaya da rabi."

Merv ya shafa kunnensa na hagu, wanda likita ya yanke wa sama, ya yi dariya. A layin nan duk wanda ya kai shekarunsu an yanki wani abu a jikinsa saboda ciwon fata da rana ke jawowa, wani hanci, wani goshi, wani bayan hannu. Lokacin ƙuruciyarsu man kwakwa suke shafawa su baje a rairayi su gasa kansu har yamma, kuma babu wadda ta kai Noela. Ita ta koya wa rabin yaran garin iyo, kullum tana cikin ruwa, baya a buɗe. Da aka gano baƙin tabon da ke tsakanin kafaɗunta ciwon daji ne, aka yanke shi, aka bi har hammata aka ƙwaƙule. Likita ya ce ita da rana sai dai hange daga nesa. Noela ta ce to ita da teku fa? Sai ta sayo farar rigar iyo mai rufe jiki gaba ɗaya, da safar hannu da ta ƙafa, ta ɗinka mata hular da ke rufe fuska, ta bar 'yar kafar ido kawai, ta ɗora baƙin tabarau da malafa a kai. Yara suka sa mata suna Fatalwa. Sunan ya yi mata daɗi, har takan bi su da gudu hannuwa a sama.

Washegari Desley ta laɓe a bayan bishiyar mangwaro tana jira. Ƙofar gidan Noela ta buɗe, farar rigar ta sauko. Yanzu da take kallo da kyau sai ta ga abin da ya kamata ta gani tuntuni. Noela da sauri take tafiya, kamar za ta kama mota. Wannan kuwa a hankali take taku, ƙafafu a ware. Kuma yaushe rabon da ta ji ta ce uffan? Tun kafin mangwaro ya yi fure gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu.

Ta ɗauki hularta ta bi bayanta.

Babu kowa a bakin tekun. Rairayin har ya fara ƙuna. Siffar ta shiga ruwa tana jan ƙafa, da ruwa ya kai mata ƙugu sai ta tsaya. Duk igiyar da ta taso sai ta ɗaga kafaɗu ta sandare. Noelar da Desley ta sani da ka take faɗawa cikin igiya.

"Noela!"

Ba ta juyo ba.

Desley ta tuɓe takalmi ta shiga har gwiwa. "In ke ce, ki yi min magana."

Kan ya juyo a hankali. Babu fuska, sai farin ƙyalle da baƙin gilashi, kuma a cikin gilashin Desley ta ga kanta sau biyu, 'yar ƙarama, baki buɗe.

"Don Allah, Desley, matsa daga nan," in ji muryar namiji. "Noela na kallo. Ɗaga min hannu kamar kullum ki wuce. Zan same ki a ƙarƙashin gidanmu."

A can ya cire malafar, ya zare hular. Fuskar Clarrie ta fito jajur, ɗan gashin da ya rage masa ya manne a ka. Ya zauna a kan wani tsohon akwati, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

"Ciwon ne ya dawo," ya ce. "Ya shiga huhu. Yanzu ya hau kai."

"Kuma kuka rufe mu? Katanga ɗaya, Clarrie!"

"Ta ce in na buɗe baki sai ta tashi ta shaƙe ni. Ba ta son a riƙa jera mata kwanonin miyar kabewa a baranda ana yi mata kallon gawa. Nas ma ta bayan gida take shigowa." Ya murza safar hannun. "Da farko wasa ne. Ta ce in aka daina ganinta za a fara tambaya, tsawonmu kuma ɗaya. Ranar da na fara sawa ta yi dariya har da hawaye, wai ina tafiya kamar agwagwar da aka ɗaure wa ƙafa. Na tura mata gado jikin taga don ta riƙa kallo."

"Yanzu fa?"

Ya ɗaga ido ya dubi katakon da ke saman kansu, ya rage murya.

"Wata rana ta san ni ne. Wata rana kuma in na dawo sai ta ce, 'Clarrie, ina ka shiga? Ba ka ga iyon da na yi ba.' Jiya tambayata ta yi me ya sa yanzu ba ta yin nisa. Wai tsoron me take ji."

"Clarrie, kai fa ba ka iya ruwa ba."

"Ni da na tashi a gonar rake, ina zan iya? Ta yi ta fama da ni har ta haƙura."

"To ka daina mana."

"Shi kaɗai ne lokacin da ba ta nishi," ya ce. Sannan ya ƙara, "Tsorona kawai barinta ita kaɗai."

Tun daga ranar Desley ke hawowa da safe ta zauna da ita. Ɗakin na warin magani da man kariya daga rana. Noela ta ƙare, sai ido da ƙashin kumatu, fatar da ta sha rana ta koma kamar takardar da aka duƙunƙune aka warware. Amma bakin na nan.

"Ke ce kika tare min taga rannan. Gulma ta kawo ki."

"Mangwaro na kawo."

"Gulma da mangwaro. Zauna, kin cika min ɗaki." Ta ƙura wa wuyan Desley ido. "Wannan ɗigon na ƙasan kunnenki, da ba haka yake ba. Ki kai a duba."

"Tawadar Allah ce, da ita aka haife ni."

"Haka na ce ni ma."

Wasu ranakun sukan yi hira sosai, su ci naman Merv da Clarrie, su tuna samarin da suka yi rububin Noela. Wasu ranakun kuwa da ta ji motsin Clarrie yana shiri a ɗaya ɗakin sai ta miƙo fuska.

"Shafa min mai, zan fita."

Desley takan matso man a tafin hannu ta shafa mata a goshi da hanci da bayan kunnuwa, a cikin ɗakin da rana ba ta shiga sai ɗan siririn layi. Daga nan Noela ba ta ƙara magana. Idonta na kan kafar labule, hannuwanta na motsi kaɗan-kaɗan a kan zanen gado, ɗaya bayan ɗaya. Desley ba ta son kallon hannuwan nan. Ta gaya wa Merv komai, shi kuma bai yi dariya ba. Ya koma kafa kujerarsa a bakin shinge da safe, wai yana shan iska.

Ranar ƙarshe babu iskar. Sama ta yi fari, teku ya kwanta lumui kamar an zuba mai, gyare ma sun yi tsit. Daren jiya nas ta ƙara maganin, ta ja Clarrie gefe sun yi magana. Da safen ya ce yau ba zai je ba. Noela ta buɗe ido ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Rana na yi, ban fita ba." Sai ya je ya sa rigar.

Desley da Noela suka ga ya tsallaka titi, ya ratsa rairayi, ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. Bai tsaya ba.

"Yauwa," in ji Noela.

Ruwa ya kai ƙirji. Desley ta miƙe tsaye.

"Da ɗumi yau," in ji Noela, muryarta garau, irin ta da. "Desley, ba za ki shigo ba?"

"Ina nan kusa da ke."

"Matsoraciya."

Yanzu kafaɗun sun nutse. Malafar kaɗai ake gani a kan ruwa, kamar an ajiye faranti. Desley ta damƙi labulen. Ta hango Merv ya tashi daga kujerarsa ya nufi titi da ɗan gudunsa na tsofaffi.

"Yau ba zan fito da wuri ba," in ji Noela.

Wata doguwar igiya ta taso daga nesa, ba kumfa, ba ƙara, ta zo ta shafe wurin. Malafar ta ɓace. Can sai farin kai ya ɓullo, ba malafa, hannuwa na dukan ruwa. Ya ja da baya, ya sake ja, har ƙirjinsa ya fito. Ya tsaya yana tangaɗi. Sannan ya juyo ya fuskanci gidan, ya ɗaga hannu.

"Wannan mijin naki zai kashe ni," in ji Desley, tana sauke numfashi. "Kin ga abin da—"

Ta juyo. Idanun Noela a buɗe suke, suna kan kafar labulen. Layin hasken ya faɗo mata a kumatu, man da aka shafa yana ƙyalli. Hannuwan sun daina motsi.

Desley ta daɗe tana riƙe da wuyan hannunta, ko za ta ji wani abu. Daga baya ta rufe mata ido, ta gyara mata zane, ta ja labulen ya haɗe.

Ta samu Merv tsaye a bakin ruwa, wando a naɗe. Ya dube ta, ya cire hularsa. Clarrie na nan inda yake, hannunsa a sama har yanzu, yana kaɗa wa tagar. Da ya ga Desley sai hannun ya tsaya. Ya sauke shi a hankali. Ya san ba za ta bar ɗakin haka kawai ba.

Bai fito ba, don haka ita ta shiga, da rigarta da komai, har ta isa kusa da shi. Ruwan da ɗumi kuwa.

"Ta ga na yi nisa?" ya tambaya.

"Ta gani."

"Me ta ce?"

"Ta ce yauwa."

Ya gyaɗa kai. Ta jira ya zare hular, bai zare ba. Suka tsaya nan su biyu suna fuskantar gidan, rana na hawa, ruwa na lasar su. Ba ta ganin idonsa, ba ta kuma jin kukansa. Jiƙaƙƙen ƙyallen da ke kan bakinsa kawai take gani, yana lotsawa ciki, yana kumburowa, yana lotsawa.