Abin da Likita Ya Ce

Yayana malamin Turanci ne, irin wanda ko gaishe shi ka yi sai ya gyara maka gaisuwar. Da aka kwantar da Baba a asibiti, likitan baƙo ne, ba ya jin harshenmu. Kowa ya ce ai an huta, ga tafinta a gida.

Ni ina wani gari mai nisa, a shagon ɗinki. Duk sanda na buga waya na tambaya ko in taho, sai Yaya ya ce in yi zamana, likita yana tsammanin Baba zai tashi. Na yi zamana kamar sakarya, ina ta ɗinka maɓallai a rigunan mutane.

Ranar da hankalina ya ƙi kwanciya, na hau mota ban gaya wa kowa ba. Na tarar an yaye zanen gadon, sai katifar roba, ga kofin Baba a kan durowa da cokali a ciki. Da safen nan ya cika.

A baranda na tsare Yaya. Ban yi masa ta'aziyya ba. Na ce ya maimaita mini maganar likita kalma bayan kalma. Ya yi ta goge tabarau da bakin riga, can ya ce likitan cewa ya yi yana fata.

Wannan fa shi ne mutumin da ya sha murɗe mini kunne ina ƙarama a kan kalmomin nan biyu na Turanci. Wai tsammani sai da dalili, fata kuwa ko ba ka da komai a hannu kana iya yin sa. Ɗalibi ya musanya su, jan biro zai sha har takarda ta huje.

"Yaya, kuskure ne ko ganganci?"

"Da na ce ki taho, na yarda ke nan Baba ba zai tashi ba," in ji shi. "Na kasa."

"Sai ka yi mini rowar ubana don kai ka samu sauƙi."

Raina ya ɓaci.

Sai ga Umma ta hawo matakala da jaka. Ita ma tsammanin ya sayar mata, har ta koma gida tun jiya don ta wanke wa Baba kayan da zai sa in an sallame shi. Ashe har yanzu Yaya bai kira ta ba. Ta yi murnar ganina, ta tsaya tana haki, sannan ta miƙa masa jakar.

"Ga riga da hula. Takalman ne ban sani ba ko za su shiga, ƙafar ta ɗan kumbura."