Shasin da Maazou Ya Ɗauko Daga Lyon

Gangar motar ta daɗe a ƙuryar garejin Kawu Soumaïla a Stains, can ƙasar Nasara, ba taya, ba inji, an lulluɓe ta da tsohon bargo. Mota ce ta zamanin kakanni. Kawun ya samo ta wajen wani manomi tun yana da ƙarfinsa, da niyyar ya mai da ita abin da Nasara ke kira hot rod: a sauke ta ƙasa-ƙasa, a ɗora mata ƙaton inji, a bar shi a fili ba murfi. Aiki ya hana shi, daga baya gwiwa ta hana shi. Yanzu kuma ya yanke shawara, da an yi ƙaramar sallah zai koma Maradi gaba ɗaya.

Ya ce wa Maazou, ɗan ƙanwarsa da ya ɗauko daga gida bara don ya riƙe garejin, "Ko sau guda in zauna cikinta ta motsa da kanta. Daga nan zuwa bakin titi ma ya ishe ni."

Inji akwai, tayoyi akwai. Abin da babu shi ne shasi, ƙarfen nan na ƙasa da komai ke zama kansa. Ana cikin nema aka kwantar da Kawu asibiti don aikin gwiwa, sai ga labari wani tsohon abokinsa a Lyon, Malam Rachidou mai aika tsofaffin motoci Cotonou, yana da guda biyu. Maazou ya ari kamiyonet, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya tafi shi kaɗai.

Malam Rachidou bai bar shi ya ga ƙarfe ba sai da ya ci shinkafa, ya sha shayi, ya ba da labarin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan suka zaga bayan fili.

"Ga su nan, ɗana. Wanga jan daga can kudu ya fito, cikin rumbun wani mai inabi. Wanga baƙin kuwa daga kan duwatsu, inda ƙanƙara ke sauka. Ni ba makanike ba ne, saye nake in sayar. Zaɓi wanda ya yi maka."

Jan ba shi da kyan gani ko kaɗan, tsatsa ta rufe shi kamar an barbaɗa masa jan barkono. Baƙin kuwa fentinsa har ƙyalli yake. Amma Maazou ba yaro ba ne da fenti zai ruɗe shi. Ya fiddo igiya daga aljihu kamar yadda maigidansa na Maradi ya koya masa, ya ja ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake ja ta ɗaya gefen. A gida abin da ke kashe shasi sananne ne: lodin albasa da ramukan hanya. Ya karkace, shi ke nan, ya dinga cin taya har abada. Jan ya ɗan karkace, kaurin yatsa. Baƙin ya miƙe sambal.

"Wanga nake so, Malam."

"To madalla. Ka gaida mani tsohon nan, ka ce masa ya bar rigimar yara."

Maazou ya dawo yana waƙa a hanya. Makonni ya yi yana aiki bayan an rufe gareji da yamma, ya ɗaura tayoyi, ya gwada zaman ganga, ya goge, ya shafa. Duk sa'ad da ya je dubiya Kawu ya tambaye shi, sai ya ce, "Miƙaƙƙe ne, Kawu, kamar an ja layi."

Ranar ɗora inji aka kawo Kawu da sandarsa, aka ajiye masa kujera. Maazou ya fara sakin sarƙar da ke riƙe da injin a hankali. Injin ya sauka, ya zauna. Sai aka ji ƙas, kamar an taka ƙwarya. Gefen hagu ya lotsa, injin ya sunkuya.

Kawu ya miƙa hannu.

"Ba ni guduma."

Ya ƙwanƙwasa ƙarfen a hankali. Maimakon ƙara, sai wani sauti ya fito mai taushi, jan gari ya zubo ƙasa daga ciki. Ya matsa gaba ya sake bugawa, kan gudumar ya shige.

"Ba ka ƙwanƙwasa ba?"

"Na auna da igiya, Kawu."

"Daga ina ya ce maka ya fito?"

"Kan duwatsu."

Kawu ya rufe ido. "Gishiri, Maazou. Nan ƙasar lokacin sanyi gishiri suke zuba wa hanya. Ya shiga cikin ƙarfe ya kwanta, ya ci daga ciki, waje na dariya. Karkata ana gyara ta da wuta cikin yini guda. Wanga kuwa biskit ne." Ya ajiye gudumar. "Ni ma ban gaya maka ba. Na manta can gida ƙarfe ba ya ruɓewa."

Maazou ya fita waje ya kira Lyon. Malam Rachidou ya yi ta salati, ya ce wallahi bai sani ba, a dawo masa da shi. Jan kuwa tuni wani Bature ya ɗauka. Maazou ya yi ta tambaya ko'ina, inda aka samu wani sai aka ce sai bayan bazara. Azumi ya riga ya yi nisa.

Ana gobe Kawu zai tafi, Maazou ya ce, "Kawu, mu ɗora gangar kan amalanke, ka zauna ciki, mu tura ka har bakin titi."

Kawu ya yi dariya har da tari. "Turi? Bari, ɗana. Can Maradi jikoki za su tura ni har in gaji."

Ya shafa ƙofar motar, ya nemi a kira masa taksi.

Yanzu duk Juma'a Kawu yana kira daga Maradi. Ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya tambayi ko Maazou na cin abinci sosai, ya ba da labarin zafi da tsadar gero. Maazou yana amsawa, yana jira. Har su yi sallama Kawu ba ya tambayar mota.