Kifin Etelka a Tafkin Wani

Etelka Bodnar ta gaji tafkin ne daga mijinta Kalman, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce. Tsohon ramin haƙar tsakuwa ne da ruwa ya cika a bayan ƙauyensu, ba nisa da kogin Tisza. Kalman ya zuba kifi a ciki, ya kafa dandamalin katako goma sha takwas a gefen ruwa, ya gina 'yar rumfa a bakin ƙofa inda ake yankar tikiti. Mai son fatsa ya zo da sassafe, ya biya kuɗin yini, ya zauna a dandamalinsa har ƙarfe bakwai na yamma. Ƙananan kifaye mutum na iya tafiya da biyu gida. Amma duk ponti, wato irin babban kifin da ake kiwo a tafkin, da ya haura kilo biyar, sai dai a auna shi, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa.

Ita kanta Etelka rabonta da jefa ƙugiya ya fi shekara ashirin. Aikinta shi ne tikiti, da kofi, da zagayawa tana duba ko kowa ya zo da shimfiɗa mai laushi da zai kwantar da kifi a kai. Duk da haka ta san manyan kifayen tafkin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Babbarsu ita ce Rozi, mai kilo ashirin da biyu. Jikinta sumul yake, sai ɓawo bakwai da suka jeru a gefen hagu kamar maɓallan riga, da wani guda ɗaya can kusa da wutsiya. Kalman ne ya sa mata sunan mahaifiyar Etelka, wai don ita ma bakinta ba ya rufuwa. Mutane kan tuƙo mota na awa uku don ita, kuma a shekara sau uku ko huɗu takan faɗa hannun wani.

A wannan shekarar, tun daga watan Afrilu ba wanda ya sake ganinta. Masu fatsa suka ce ai ta tsufa, ta mutu a ƙasan ruwa. Etelka ta shiga kwale-kwale ta bi ciyawar bakin ruwa kaf tana neman gawa, ba ta samu ba.

Ranar wata Lahadi a watan Yuli, 'yarta Piroska ta zo daga birni cin abincin rana. Suna zaune sai ta miƙo wayarta, ta ce ga wani kifi da ake ta yayatawa, kamar Rozi. Hoton wani mutum ne durƙushe, rungume da ƙatuwar ponti, a wani tafkin tikiti mai nisan kilomita sittin, na wani mai suna Vilmos. An rubuta sunan kifin Sarauniya. Etelka ta sa tabarau, ta sa Piroska ta ƙara girman hoton. Ta ƙirga ɓawo bakwai, ta ga na takwas kusa da wutsiya. Ta ajiye cokali, ba ta ƙarasa miyar ba.

Ɗan sandan ƙauyen ya saurare ta da ladabi, ya ce kifi ba shi da lamba kamar mota, kuma hoton waya kaɗai ba zai isa a je a buga wa mutum ƙofa ba. Piroska ta ce a kira Vilmos ɗin a zage shi tas. Etelka ta ce in aka kira shi yau, gobe kifin ya koma wani tafkin. Gara ta je ta gani da idonta.

Dama duk ranar Litinin ba ta buɗe tafkinta. Litinin ɗin da ta biyo, ta ciro sandunan fatsar Kalman daga ɗakin ajiya, ta dafa masarar da za ta sa a ƙugiya, ta zuba tsofaffin hotunan Rozi a ambulan, ta kama hanya tun gari bai gama wayewa ba.

Vilmos ƙaton mutum ne mai furfura a gashin baki, tsohon direban babbar mota. Ya leƙo daga tagar rumfarsa, ya dube ta, ya dubi sandunan.

"Gwaggo, ke ce za ki yi fatsar, ko abinci kika kawo wa maigidan?"

"Maigidan ya riga mu gidan gaskiya. Nawa ne tikitin?"

Ya ɗan ji kunya, ya faɗi kuɗin, ya ba ta dandamali na shida mai inuwar bishiya. Da ya ga sandunan da kyau ya ce irin waɗannan rabonsa da ganinsu tun yana saurayi, ta yi hankali kada gidan tarihi su ƙwace. Ta ce kifi ba ya duba shekarun sanda. Sunanta na fari kaɗai ta rubuta a littafinsa.

Ranar farko zare ya harɗe mata sau huɗu, ta kama ƙananan kifaye biyu da ba su kai tafin hannu ba. Litinin ta biyu ruwan sama ya jiƙa ta sharkaf. A ta uku, wajen hantsi, sandarta ta lanƙwashe, zare ya fara gudu. Ta yi minti goma sha biyar tana ja tana saki, kafaɗunta na zafi, kafin ta shigar da kifin cikin koma. Kilo tara ne, ba Rozi ba. Ta mayar da shi, ta zauna, ta ga tana murmushi ita kaɗai. Ta manta yadda abin yake.

Abin da ya fi damunta shi ne Vilmos. Ta zo ne da niyyar ganin ɓarawo, sai ta tarar da mutumin da ke yawo da kwalbar magani a aljihu yana shafa wa kifi a inda ƙugiya ta ji masa ciwo. Ta ga ya kori wani mai tsadaddiyar mota saboda ya ɗaga kifi a tsaye don hoto maimakon ya durƙusa. Da rana yakan kawo mata kofi ba ta tambaya ba, ya zauna ya yi mata ƙorafin tsuntsayen da ke cinye masa ƙananan kifi. Sau biyu ta kusa tambayarsa daga ina Sarauniya ta fito, ta fasa.

Litinin ta biyar ta faɗo a tsakiyar Agusta, ana zafi sosai. A dandamali na bakwai akwai wani likitan haƙori daga birnin Szolnok, mutum shiru-shiru wanda tun safe bai kama komai ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ƙararrawar sandarsa ta ɗauki kuka. Tun daga yadda kifin ya nutsa ƙasa ya tafi a hankali, ba tsalle ba fizga, Etelka ta ji a jikinta Rozi ce, ta naɗe zarenta ta miƙe. Rabin awa aka yi. Mutane suka bar sandunansu suka taru, Vilmos ya zo da sikeli yana haki.

Da aka kwantar da kifin a shimfiɗa, Etelka ta ratsa mutanen, ta jiƙa hannuwanta, ta durƙusa. Ta bi ɓawon da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta duba leɓen ƙasa, ta ga tsohon tabon da wani ɗan birni ya yi mata shekara huɗu da suka wuce.

"Gwaggo, matsa mana a yi hoto," in ji Vilmos.

"Ku yi hoton da sauri ku mayar da ita, zafin nan ba zai yi mata kyau ba. In kun gama ina da magana da kai."

Sai da ta ga kifin ya kaɗa wutsiya ya nutse, sannan ta bi Vilmos rumfa. Ta zazzage ambulan a kan teburinsa. Hotuna ne na shekara goma sha ɗaya. A na farkonsu Kalman ne durƙushe a dandamalinsa, riƙe da kifin tana kilo goma sha huɗu, ɓawon nan bakwai a jere.

"Sunanta Rozi. Ni ce Etelka Bodnar, tafkin bayan ƙauyenmu nawa ne. Tun Afrilu nake nemanta."

Vilmos ya ɗauki hotunan yana dubawa, wuyansa ya yi ja. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takardar cinikin kifin mai hatimi. Ya ce a watan Afrilu wani mutum ya kira shi, wai kawunsa ya rasu za su zubar da ruwan kududdufinsa, akwai babban kifi guda na sayarwa. Ya kawo ta cikin tanki a bayan farar mota, da wannan takardar. Shi kuma ya ga kifi, ya ga hatimi, bai tsaya bincike ba, don ya daɗe yana son babban kifin da zai jawo masa mutane. Etelka ba ta taɓa jin sunan da ke jikin takardar ba. Ta tambayi kamannin mutumin. Vilmos ya ce siriri ne, mai yawan tari, kuma ɗan yatsansa na hagu guntu ne.

Etelka ta nemi kujera ta zauna. Aladar ne. Shekara goma yana zama a dandamali na goma sha huɗu duk Asabar. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Kalman. Da hannunta ta ba shi makullin ƙofa, don yakan taya ta fasa ƙanƙarar tafkin da hunturu kifi su samu iska.

"Wata biyar ke nan kina shan kofina kina kallona a ɓarawo," in ji Vilmos.

"Mako biyar. Kuma tun na uku na fara shakka."

Ya ce da ya sani da bai bari an sake ta ba, da yau ɗin nan ya sa ta a tanki ya kai mata. Etelka ta ce ko da bai sake ta ba, ba za ta yarda ba. Tsohon kifi a cikin tanki, kilomita sittin, a wannan zafin, gawa za a sauke. Suka yi shawara a bar ta har sanyi ya shigo. Duk wanda ya sake kama ta bayan nan, a riƙe ta a cikin jakar ruwa, a kira Etelka. Kafin ta tafi Vilmos ya fita ya goge sunan Sarauniya daga allon bakin ƙofa, ya rubuta Rozi.

Ranar Asabar Aladar ya zo kamar kullum, da jakarsa da kujerarsa. Etelka ba ta yanka masa tikiti ba. Ta miƙa hannu ta taga ta ce ya ba ta makullin. Ya dube ta, ya yi tari, ya fara cewa bai gane ba. Ta ce ta je wajen Vilmos, ta ga takardar. Ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya ajiye makullin a kan katako.

"Kifi ne fa, Etelka. Kina da ɗari a cikin ruwan nan."

"Da ka zo ka ce kana cikin matsi, da na san abin yi. Ɗauki kayanka."

Masu fatsa uku da ke layi a bayansa suka matsa suka ba shi hanya. Maganar takardar bogi kuwa, Vilmos ne ya kai ta gaban hukuma, Etelka ta je sau ɗaya ta ba da shaida da hotunanta.

Satumba ta wuce, Oktoba ta wuce, Rozi ba ta taɓa ƙugiyar kowa ba. Piroska ta fara cewa mutumin nan wasa yake yi da hankalin uwarta. Etelka ta ce ta san halin kifinta, in aka kama ta takan yi wata biyu tana fushi. Sai ranar tara ga Nuwamba, tana share ganye a bakin rumfa, waya ta yi ƙara. Vilmos ne, ya ce an kama Rozi, ta buɗe ƙofa, nan da awa ɗaya da rabi yana tafe, ta kuma ɗora tukunya don bai karya ba.

Ya iso yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Masu fatsa shida da ke tafkin ranar suka bar sandunansu. Aka ɗauko kifin cikin jaka, mutum biyu suna riƙe, aka rataya a sikeli. Kilo ashirin da huɗu da giram ɗari uku.

"Kin gani? Wata bakwai a wajena ta ƙara kilo biyu. Yunwa kike bar mata a nan."

"Kai ka mayar da ita alade. Bari ta dawo ta ci abincin mutunci."

Etelka ta sa dogayen takalman roba, ta shiga ruwan har gwiwa duk da sanyinsa. Ta tallabi kifin a ƙarƙashin ciki, ta riƙe ta tana jin yadda take buɗe baki tana rufewa. Bayan kamar minti biyu Rozi ta murɗa jiki, ta zame daga hannunta, ta nufi tsakiya inda ruwan ya fi zurfi.

A rumfa Vilmos ya cinye kwano biyu na miyar wake da nama, ya ƙara da burodi. Da ya gama ya ce ta zo ta nuna masa bayan tafkin. Suka zaga tare har wajen da shingen waya ya kwanta tun bara. Ya taka shi da ƙafa, ya ce ko ba makulli, mai mota zai iya shigowa ta nan. Ya ce akwai wanda ya yi masa nasa shingen, mutum ne mai tsada amma aikinsa ba ya faɗuwa. Etelka ta ciro guntun fensir daga aljihu, ta rubuta lambar mutumin a bayan wani tsohon tikiti.