Fihirisa da Tsakar Rana

Tun safe kwamfutocin ɗakin gwajin jini suke jan ƙafa. Da an sa lambar wayar majiyyaci, sai 'yar da'irar nan ta yi ta juyi. Injiniya, mai kula da rumbun bayanan asibitin, tana ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan, sanye da rigar sanyi. A bencin waje, cikin masu jiran sakamako, akwai babanta. Ba za a canza masa magani ba sai likitansa ya ga takardar, shi kuwa likitan da azahar zai tashi, sai kuma wani watan.

Ta kunna rajistar da ke kama tambayoyi masu jinkiri. Guda ɗaya ce ke ta dawowa: neman mutum da lambar waya. Babu fihirisa a kan lambobin, wato jerin da ke kai na'ura ga mutum kai tsaye, don haka duk nema sai na'urar ta bi kowa da kowa, har waɗanda suka rasu tuntuni.

Mai gwajin jini ta leƙo. "Injiniya, kin gano, ko mu koma biro da takarda? Tsohonki har ya fara ba mutane labarin ƙuruciyarki."

"Na gano. Fihirisa ce babu."

"To sa mata mana."

"Sai an tashi aiki ake sawa. Tana kulle tebur."

"Wane tebur kuma? Ke dai kika sani."

Injiniya ta dubi agogo. Ta ce a ranta ai ba zai daɗe ba. Ba ta duba girman teburin da ke ɗauke da bayanan majiyyata ba, ta danna umarnin sa fihirisar.

Komai ya tsaya cak. Ɗazu ana samun sakamako jefi-jefi, yanzu ko ɗaya. Wayar ɗakin ta yi ta ƙara. Ta zauna da hannuwa a cinya, tana sauraron fankokin saba.

Da aikin ya ƙare ta gwada lambar babanta. Kafin ta ɗage yatsa sakamakon ya fito. Ta buga shi a takarda ta fita. Ƙofar likita a rufe take, mai shara tana goge bakin ƙofar.

"Uwata, an gyara?" in ji babanta.

"An gyara, Baba."

"Madalla. Ai na gaya musu 'yata ce a ciki." Ya ninke takardar bai karanta ba. "Likitan fa?"

"Ya tafi."

Ya gyaɗa kai. Ta durƙusa ta lalubo masa takalminsa a ƙarƙashin benci.