Rigar da Ba a Wanke Ba

Baba Sitati, tsohon nan mai wanki da guga a bakin layi, mutum ne da tsabta ta zame wa ciwo. Ko tsumman goge tebur sai ya wanke shi, ya shanya, ya bi shi da dutsen guga har ya fitar masa da kari. Tun da matarsa ta rasu yake kwana shi kaɗai a ɗakin bayan shago, shi ya sa 'yarsa ta kawo masa ɗan kwikwiyo, wai ya riƙa yi masa gadin shanya. Gadi fa! Abin da bai fi takalmi girma ba.

A kwali ta kawo shi, naɗe cikin tsohon bargon da uwarsa ke kwanciya a kai. Baba ya ɗaga bargon da yatsu biyu, ya yamutsa fuska. Kafin yarinyar ta kai titi har ya jiƙa shi a baho.

Da yamma ya shimfiɗa masa shi fes, sai ƙamshin sabulu, a lungun da ke tsakanin shago da ɗaki. Duhu na yi, kwikwiyo ya buɗe baki. Ba haushi ba ne, wani siririn kuka ne mai shiga har cikin haƙori. Aka ba shi madara, ya shanye ya ɗora daga inda ya tsaya. Aka kunna fitila, aka kashe, aka lallashe shi, aka daka masa tsawa, duk a banza. Da safe Baba ya ga ɗan fitsari a bargon, ya ce to ga dalili nan, ƙazanta ce ke hana shi barci. Ya sake wankewa. Haka aka yi ta fama, kullum wanki, kullum kuka.

Bango ɗaya ya raba Baba da wani direban bas mai fita da asuba, mutum mai kawaici. Ran nan direban ya tsaya a ƙofar shago, idanunsa jawur, ya gaishe shi har da rusunawa.

"Baba, ba rashin kunya zan yi ba. Jiya saura ƙiris in yi gyangyaɗi da mutane cike da mota. In kwikwiyon nan ya sake kuka yau, a yi haƙuri a mayar da shi."

Baba bai musa ba, gaskiya ce tsantsa. Ya kira 'yarsa ya ce ta zo gobe da kwali. Amma ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya riga ya saba da ɗan banzan nan mai bin dugadugansa wajen shanya yana jan bakin wandonsa.

Bayan la'asar ya neme shi ya rasa. Ya duba ƙarƙashin teburin guga, ya duba bayan buhun gawayi. Can sai ga shi cikin kwandon kayan da ba a wanke ba, ya dunƙule a kan rigar aikin Baba, wadda ya tuɓe da rana jiƙe da gumi. Hanci cuse a hammatar rigar, ciki na hawa yana sauka, har da ɗan minshari.

Hannun Baba ya kai ga rigar zai fizge. Sai ya tsaya. Ya jawo benci ya zauna yana kallonsa, har gawayin dutsen guga ya kusa mutuwa.

Da dare ya ɗumama bargon da dutsen, ya ɗora rigar a kai yadda take, ya jawo shimfiɗar zuwa bakin ƙofarsa, ya bar ƙofar a buɗe kaɗan. Kwikwiyo ya yi 'yar ƙara sau ɗaya. Baba ya ce masa yana nan, ya kwanta. Daga nan ba wanda ya ƙara jin kowa, sai tashin motar direba.

Da hantsi 'yar ta iso da kwali a hammata. A hanya ta gamu da matar direban, wadda ta ce mata sun ɗauka ma an riga an tafi da kwikwiyon. Ta tarar da Baba yana guga, kwikwiyo na tauna igiyar takalminsa. Ganin rigar a ƙasa ta riƙe baki tana dariya, ta ce yau kuma Baba ne da tsumma mai tsami a ƙofar ɗakinsa? Ta sunkuya za ta ɗauka ta jefa a baho.

"Bar ta nan," in ji shi, bai ɗago daga gugar ba. "Warina yake bi. Ni ma ɗankwalin uwarki yana ƙarƙashin matashina, ban taɓa wanke shi ba."

Ba ta san da wannan ba. Ta ajiye kwalin a hankali, ta zauna a bencin, ta ɗauki ɗan kwikwiyon ta ɗora a cinya, hawaye na zubo mata.