Layin da Uwar Baho Ta Sa Aka Goge

Ranar da Shugaba ta tara matan ƙungiyar masu wanki ta ce bana babu halin ɗauko Mai Kwat, hankalin kowa ya tashi. Uwar Baho ce kaɗai ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta taka rawa tsakanin igiyoyin shanya.

Mai Kwat shi ne mutumin da ake ɗauka duk shekara ya rubuta musu takardar neman tallafi. Yakan zo sau ɗaya, ya tsaya bakin ƙofa kada kumfa ta taɓa masa takalmi, ya ɗauki hotuna ya tafi. Uwar Baho kuwa ita ta fara wanki a wannan tsakar gida shekara goma sha tara da suka wuce, da baho uku da hannunta biyu, tun babu wanda ya san za a kira wurin ƙungiya. Ba ta yi karatu ba. Shi ya sa sai da surukarta ta tsinci takardar a dirowa ta karanta mata, sannan ta ji abin da aka rubuta ƙarƙashin hotonta: wai tsohuwa ce da aka tsinta tana bara a bakin titi, ƙungiya ta ceto ta.

Matar da ko gishiri ba ta taɓa roƙa a maƙwabta ba. Sau uku tana zuwa ofishinsa ana cewa ya fita. A na huɗu ta ritsa shi, ya ce mata ai haka ake rubutawa, masu bayarwa sai sun ji tausayi suke buɗe hannu. Tun ranar abin yake tsaye mata a rai.

Yanzu Shugaba ta ce Sakatariya ta je horo na kwana uku kyauta, su da kansu za su rubuta, tankin ruwa da injin jawo shi za su nema. Uwar Baho ta ce ta yarda, amma kowane layi sai an karanta mata da baki kafin ya bar gidan nan.

Washegari da hantsi ta jawo kujera ta zauna gefen teburin ofishinsu mai gajeriyar ƙafa da ake tokarewa da kwalin sabulu. Sakatariya ta fara karantawa a kwamfuta. Ashe tsoro ya sa ta buɗo tsohuwar takarda, shekara kawai ta canja. Ba a yi nisa ba sai ga bakin titi.

"Tsaya nan, 'yar nan. Horon kwana ukun ke nan? Aka koya miki ki sake mayar da ni titi?"

Sakatariya ta goge da sauri. To amma akwai gurbin da aka ce a bayyana matsala, ga shi ya zama fanko. Sai aka kira mata ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsu me ke damunsu a aiki. Mai Guga, wadda hannunta duk ya tsage, ta ce lafiya lau. Maman 'Yan Biyu, mai ciwon baya saboda ɗaukar jarka, ta ce sai godiya. Mata goma sha biyu, babu wadda ta yarda a rubuta ta yi ƙorafi. Da aka karanta abin da aka tara, ya fito: muna lafiya, aiki na tafiya, alhamdulillahi.

Shugaba ta yi dariya har da hawaye, ta ce wa zai ba masu lafiya lau tanki? Daga nan dariyar ta tsaya. Maman 'Yan Biyu ta matso kusa da Uwar Baho, ta yi ƙasa da murya.

"Goggo, layi ɗaya ne fa. Wa ya san ki a can? A mayar da shi mu samu ruwan."

"Ni na san kaina. Ku taso."

Ta tasa su gaba zuwa tsakar gida, Sakatariya na biye da biro. Ta nuna famfon da ke kawo ruwa kwana biyu a mako. Ta sa aka auna da taku tazarar rijiyar da suke ɗebo ruwa. Ta tuna musu otal ɗin da ya ba su zanen gado, ya yaba, sannan ya janye don ruwa ya ƙare musu ranar Laraba. Nan fa bakin mata ya buɗe, tunda ba kukan kai ba ne, maganar aiki ce. Wannan na cewa a sa makarantar kwana da suka mayar wa kaya ba wanki, waccan na cewa kar a manta rani. Sakatariya har hannunta ya gaji.

Kwana biyar ana wannan. Mata na cika taga da kumfa a hannu suna saurare. Duk kalmar da Uwar Baho ba ta gane ba, sai ta ce a cire, in ita ba ta fahimta ba to ba aikinsu ake faɗa ba. Ƙarƙashin hotonta aka rubuta: wadda ta fara aikin da baho uku. Ta sa aka karanta mata wannan sau huɗu.

Bayan mako shida wata jami'a daga gidauniyar da suka aika wa takardar ta zo da kanta. Ta tsallake kwatar kumfa, ta zauna a kan baho a kife, ta fito da takardu biyu, tsohuwa da sabuwa, hoto ɗaya a kansu. Ta tambaya wacce ce gaskiya. Shugaba ta sunkuyar da kai. Kowa ya san tankin na iya tafiya a kan wannan tambaya.

Uwar Baho ta miƙa mata hannuwanta biyu, tafin sama.

"Duba da kyau, 'yata. Hannun bara ne wannan? Waccan haya aka yi aka rubuta. Wannan mu muka rubuta, ni aka karanta wa."

Jami'ar ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta ciro igiyar awo daga jaka, ta tambaya a wane lungu suke so a kafa tankin.

Tsakar gida ta kaure, mata na rige-rigen nuna lungu. Uwar Baho ba ta bi su ba. Ta nemi a ba ta tsohon shafin, aka ba ta. Ta tsoma shi a bahon da ya fi kumfa, ta cuɗa shi yadda take cuɗa wuyan riga, har ya narke a hannunta. Ta juya ta ce wa Sakatariya ta fara neman takarda ta gaba, injin wanki suke so.